Gado, haraji da barin gida neman aiki: wa ke biyan me?

Duk lokacin da aka tayar da maganar harajin gado sai ka ga mutane sun rabu biyu nan take, kowa da zafinsa. Wannan ya ce zalunci ne tsagwaronsa, mutum ya sha wahala ya tara, an cire masa haraji tun yana raye, ya mutu kuma gwamnati ta biyo shi har bakin kabari tana miƙa hannu. Wancan ya ce to ɗan da bai ɗiga gumi ko ɗigo ba fa, don me zai kwashi miliyoyi ba a taɓa ko sisi ba, alhali mai albashi tun kafin kuɗinsa ya shigo hannu an riga an yanka? Ni abin da na lura da shi shi ne duka ɓangarorin ranar mutuwa kawai suke kallo, ranar da ake zama a lissafa abin da mamaci ya bari. Gado kuwa yana fara aiki ne shekara talatin ko arba'in kafin wannan ranar, kuma inda ya fi nuna kansa wata tambaya ce da ba a cika haɗa ta da haraji ba, wato wa ke da halin zama kusa da iyayensa, wa kuma dole ya tattara komatsansa ya tafi wani gari neman abin yi.

Albashi daban, dukiya daban, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Albashi shi ne abin da ke shigowa duk wata, dukiya kuwa abin da ke nan ko ka yi aiki ko ba ka yi ba, gida, fili, hannun jari, kamfani. Giɓin da ke tsakanin mutane a dukiya ya fi na albashi muni nesa ba kusa ba. Rahoton rashin daidaito na duniya na 2022 ya ce kashi 10 cikin ɗari na sama suna ɗaukar kashi 52 na kuɗin shiga, amma a dukiya kashi 76 ne a hannunsu, rabin mutanen duniya na ƙasa kuma gaba ɗayansu kashi 2 suke da shi. A Amurka alƙaluman babban bankinsu sun nuna mutum ɗaya cikin ɗari na can ƙoli suna riƙe da wajen kashi 30 na dukiyar ƙasar, rabin ƙasa ko kashi 3 ba su cika ba. Kuma albashi yana mutuwa da mai shi, dukiya ba ta mutuwa, hannu kawai take canzawa.

Thomas Piketty, masanin tattalin arzikin nan na Faransa, a kan wannan ya yi suna da littafinsa na 2013. Hujjarsa a taƙaice ita ce idan ribar da jari ke haifarwa ta fi saurin bunƙasar tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, to tsohuwar dukiya za ta riƙa girma fiye da abin da sabon ma'aikaci zai iya tarawa, ko da kuwa bacci kawai magajin yake yi. Ya tono takardun gado na Faransa, ya ga a ƙarni na 19 abin da ake gada duk shekara ya kai kashi 20 zuwa 25 na kuɗin shigar ƙasar, yaƙin duniya biyu da hauhawar farashi da haraji suka karya shi ya faɗo ƙasa da kashi 5 wajen 1950, sannan ya sake hawa har wajen kashi 15 a 2010. Masana da yawa sun yi masa gardama a kan lissafinsa, musamman cewa kaso mai tsoka na ƙaruwar nan tashin farashin gidaje ne ba masana'antu ba. To amma ni a ganina wannan gardamar ma ƙara wa zancenmu ƙarfi ta yi, don gidan da ya yi tsada a inda aiki yake shi ne ainihin abin da ke raba mai gado da marar gado.

To shi harajin yaya yake aiki? Kowace ƙasa da nata salon. A Birtaniya kashi 40 ne a kan abin da ya haura fam 325,000, akwai ƙarin sassaucin fam 175,000 idan gidan zama ne aka bar wa 'ya'ya ko jikoki, miji da mata kuma suna iya haɗa nasu ya kai fam miliyan ɗaya. Wancan adadin na 325,000 tun 2009 yake a daskare ba a taɓa shi ba alhali gidaje na ta tashi, duk da haka cikin mutum ɗari da suka mutu huɗu ne ko biyar ake biya wa. A Amurka ma kashi 40 ne, amma sai dukiyar mutum ɗaya ta wuce dala miliyan 13.61 a 2024 kafin a fara magana, shi ya sa cikin mamata dubu ko biyu ba sa cika biya. Ƙasar da tsakanin 1941 da 1976 mafi girman kason harajin ya kai kashi 77 fa. Jamus tana bar wa kowane ɗa yuro 400,000 daga kowane mahaifi ba haraji, Faransa yuro 100,000 sannan kason ya yi ta hawa har 45. Japan ce ke kan gaba da 55, Koriya ta Kudu 50.

Koriya ce ma ta nuna wa duniya yadda abin yake idan an yi da gaske. Lee Kun-hee shugaban Samsung ya rasu a Oktoban 2020, a Afrilun 2021 iyalinsa suka sanar za su biya sama da won tiriliyan 12, fiye da dala biliyan 10 ke nan, a hankali cikin shekara biyar, ga kuma kayan tarihi da zane-zane wajen 23,000 da suka ba ƙasa. Ka ajiye wannan kusa da Duke na Westminster, wani basaraken Birtaniya, da ya rasu a 2016 da dukiyar da aka ƙiyasta wajen fam biliyan 9. Ɗansa mai shekara 25 ya hau kai, kuma ba a ji an cire kashi 40 ba, domin filayen Landan ɗin nan suna cikin asusun amana ne, a takarda ba na mamacin ba ne balle a ce ya bar su. Asusun yana biyan wani ɗan kaso da bai wuce 6 cikin ɗari ba duk shekara goma. Ba a karya doka ba ko kaɗan, haka dokar take.

Ita Amurka nata ramin ya ma fi ban mamaki. A ce mutum ya sayi hannun jari na dala miliyan 1, ya girma ya zama miliyan 50. In ya sayar yana raye zai biya harajin riba a kan miliyan 49. In ya riƙe har ya mutu, sai a ɗauka kamar magajinsa ya saya ne a farashin ranar mutuwar, ribar nan ta shekara da shekaru ta ɓace daga littafin haraji har abada. To me zai sa ya sayar? Banki zai ba shi bashi da ruwa kaɗan a kan hannun jarin, ya ci ya sha da bashin, bashi kuma ba a cire masa haraji. Don haka in wani ya ce maka ai harajin gado karɓa sau biyu ne, ka tambaye shi dukiyar wa yake nufi. Ga ma'aikacin da ya tara daga albashi maganar na da ƙamshin gaskiya. Ga manyan masu kuɗi kuwa kaso babba na abin da suka bari ko sau ɗaya ba a taɓa karɓa a kansa ba. Kuma ko a wurin ma'aikacin, wanda ya biya na farkon ya riga ya tafi, wanda ke karɓa yanzu sabon mutum ne da kuɗin ya faɗo masa daga sama.

Ƙasashe da dama sun ce su kam sun haƙura. Kanada ta soke a 1972 (amma ta maye gurbinsa da harajin riba a ranar mutuwa, wato ta toshe wancan ramin na Amurka), Suwidin a 2004, Austiriya a 2008, Norway a 2014. Labarin Ostireliya ne ya fi birge ni. Jihar Queensland ce ta fara sokewa a 1977, nan da nan sauran jihohi suka tsorata kada tsofaffin masu kuɗi su kwashe dukiyarsu su koma can, sai kowa ya bi sahu, gwamnatin tarayya ta rufe a 1979. Suwidin ma haka, Ingvar Kamprad mai kamfanin IKEA ya bar ƙasar tun 1973, ya yi shekaru masu yawa a Siwizalan, bai dawo ba sai 2014. Ka lura fa, wannan ma ƙaura ce. Amma da mai kuɗi ya yi barazanar tashi sai a canza doka domin ya zauna, talaka in garinsu ya mutu sai a ce masa ai ƙafa gare ka. A 1981 minista Norman Tebbit ya tsaya gaban taron jam'iyyarsa a Birtaniya, lokacin da rashin aiki ya yi katutu, ya ce mahaifinsa da ya rasa aiki a shekarun 1930 bai yi tarzoma ba, kekensa ya hau ya tafi nema. Har yau ana maimaita wannan nasihar da kalmomi daban-daban.

Masu adawa da harajin ba duka maganarsu ce shirme ba, gaskiya. Kuɗin da yake kawowa kaɗan ne, ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, a 2021 ta ce ƙasashe 24 cikin mambobinta ke karɓa, kuma a matsakaici abin da suke samu bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin harajinsu ba. Akwai kuma matsalar mai dukiya a ƙasa ba kuɗi a aljihu, manomin da gonarsa ta yi daraja a takarda amma ribar da yake samu a shekara ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa da gwamnatin Birtaniya ta ce a ƙarshen 2024 za ta rage wa gonaki sassauci sai ga taraktoci sun cika tsakiyar Landan. Sannan wani bincike da aka yi da bayanan Suwidin ya gano abin da ba a zata ba, wai a farko gado yana rage giɓi ne, saboda ɗan abin da talaka ya gada yana da girma idan aka gwada da abin da yake da shi. Sai dai wani binciken da ya bi mutanen shekaru ya ga talakan yakan cinye nasa cikin kamar shekara goma, biyan bashi, gyaran mota, buƙatun yau da gobe, mai kuɗin kuwa nasa na nan yana haihuwa. Kuma jama'a ba sa son harajin, har waɗanda ba zai taɓa shafarsu ba, Siwizalan ta kai shi ƙuri'ar raba gardama a 2015 kashi 71 suka ce a'a. Ba wauta ba ce. Mutum yana jin barin wani abu ga 'ya'yansa shi ne ma'anar wahalar da ya sha, ba ya son a taɓa wannan ko a mafarki. Abin mamaki Andrew Carnegie, attajirin ƙarfen nan, tun 1889 yake cewa duk cikin haraji babu wanda ya kai wannan hikima, don a ganinsa dukiya mai yawa kashe zuciyar ɗa take yi.

Haraji ma ba shi kaɗai ke warwatsa dukiya ba, yadda ake rabo yana da nasa tasirin. Manyan gidajen Ingila sun daɗe suna ba babban ɗa namiji komai, shi ya sa filayensu suka kai ɗaruruwan shekaru a dunƙule. Dokar Faransa ta 1804 ta tilasta a ba kowane ɗa kasonsa. Shari'ar Musulunci tun da can ta ƙayyade wa magada da yawa rabonsu, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. Irin wannan rabon yana narkar da tarin dukiya cikin zuriya biyu ko uku, amma a cikin dangi yake zagayawa, ɗan da ubansa bai bar komai ba babu abin da ya same shi.

Yanzu ga inda nake ganin ana yin kuskure. Mutane sun ƙara tsawon rai, don haka magaji ma tsoho ne. A Faransa wajen shekara 50 ake gada, a Birtaniya an ƙiyasta matasan yanzu sai sun kai wajen 60. Kuɗin da ya zo maka a 60 ba zai canza makarantar da ka yi ba, ko aikin da ka karɓa, ko garin da ka zauna, ko shekarun da ka yi aure. Wanda ke canza rayuwa shi ne wanda ke zuwa a 22 ko 28, kuɗin makaranta ba bashi, kuɗin kafin alƙalami na sayen gida, ɗaki kyauta a gidan iyaye a babban birni, uban da zai ɗaga waya ya kira abokinsa. Kusan duk wannan harajin gado ba ya ganinsa. A Birtaniya ma in ka yi kyauta ka ƙara shekara 7 a duniya shi ke nan ta fita daga lissafi, wanda ke nufin mai halin rabawa da wuri ya tsira, wanda duk abin da ya mallaka gidan da yake kwana a ciki ne shi ake kamawa.

Ɗauki matasa biyu da suka gama karatu ɗaya suka samu aiki ɗaya a birni ɗaya, albashi ɗaya. Ta farko iyayenta a birnin suke, ta zauna a gida shekara huɗu ba haya, abin da za ta ba mai gida ta tara. Na biyun daga wani gari mai nisa ya zo inda masana'antar da ke riƙe da garin ta rufe, daga ranar farko kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ko fiye haya ce, bayan kuɗin ajiya da na kayan ɗaki. In suka haihu, ita tana da kaka a kusa, shi sai ya biya gidan raino, wanda a birane irin Landan da New York yakan yi kafaɗa da kuɗin hayar kanta. Hutunsa na shekara duk a hanya yake ƙarewa, kuɗin jirgi ko mota kuma a lokacin bukukuwa ne ya fi tsada, lokacin da kowa ke son komawa. In mahaifiyarsa ta kwanta asibiti ko ya bar aiki ya je ko ya turo kuɗi a ɗauki mai jinya, kowanne ya zaɓa da ciwo. Bayan shekara goma ka duba takardar albashinsu za ka ce daidai suke, ofishin haraji ma haka yake gani, daidai yake cire musu. Ita tana da gida, shi yana da rasit na haya.

Kuma abin bai tsaya nan ba, domin a gidan masu hali kuɗi daga sama yake gangarowa, iyaye zuwa 'ya'ya, a gidan marasa hali kuwa hawa yake yi. Wanda ya tafi shi ne fanshon iyayensa, shi ne kuɗin makarantar ƙannensa, shi ne asibitin kowa. Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin da 'yan ci-rani suka aika ƙasashe masu tasowa a 2023 ya kai wajen dala biliyan 656, ya ninka duk tallafin da ƙasashe masu arziki ke bayarwa kusan sau uku, Indiya kaɗai ta karɓi wajen biliyan 120, Meziko 66, Filifin 39. A kan hanya kuma kamfanonin aika kuɗi suna cire kusan kashi 6 cikin ɗari na kowace dala 200. Ka yi tunani a kan wannan, ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin da ke aika wa uwarta kuɗi an cire mata harajin albashi, an sake cire kashi 6 a hanya, ɗan Amurkan da ya gaji dala miliyan 10 kuwa gwamnatin tarayya ko dala ɗaya ba ta karɓa ba. In ana neman wanda aka karɓa wa sau biyu ga ta nan.

A Sin abin ya fito ƙarara don doka ce ta rubuta shi. Tsarin rajistar gida da suke kira hukou yana ɗaure makaranta da asibitin mutum da inda aka yi masa rajista, shi kuma hukou ɗin daga iyaye ake gadonsa. Ma'aikata kusan miliyan 300 ne suka bar noma suka shiga aikin birni da masana'anta, da yawansu ba za su iya sa yaransu a makarantar gwamnati ta inda suke aiki ba, sai su bar su wurin kakanni. Wani rahoto na 2013 ya ce yara miliyan 61 ne aka bari a karkara haka. An sassauta tsarin a ƙananan birane, a Beijin da Shanghai kuwa har yanzu da sauran rina a kaba.

Kada a ce na ce tafiya hasara ce kawai. Sau da yawa ita ce mafita, kuma lissafi ya nuna. A shekarun 1990 gwamnatin Amurka ta yi wani gwaji a birane biyar, ta ba wasu iyalai talakawa takardar tallafin haya su koma unguwanni masu dama-dama. Da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka bi sawun yaran bayan sun girma, waɗanda aka tashi da su kafin su kai 13 sun samu kuɗin shiga kashi 31 sama da waɗanda ba a tashi da su ba. Waɗanda suka girmi haka kuwa ba su amfana ba, wasu ma ɗan baya suka ci. Wato ribar ƙaura galibi ta yaran ce, uwa da uba su ne suka biya.

Akwai kuma wani juyi da ke rikita zancen. A 2015 jaridar New York Times ta lissafa cewa rabin Amurkawan da suka balaga ba su wuce mil 18 daga inda mahaifiyarsu take ba, kuma masu digiri da masu kuɗi su suka fi yin nisa. Yawan masu canza gida a ƙasar ma ya faɗi, daga wajen mutum ɗaya cikin biyar a shekara a shekarun 1950 da 1960 zuwa ƙasa da ɗaya cikin goma yanzu. To ashe masu hali ne ke tafiya ke nan? Eh, amma tafiyarsu irin ta mai shiga rijiya ce da igiya a ƙugu, in aikin bai yi ba ya dawo ɗakinsa na nan, in haya ta gagara baba zai cika, zai iya karɓar aikin koyon sana'a na wata shida ba albashi a kamfani mai suna. Marar hali kuwa hanya biyu ce gabansa kuma duk ba daɗi, ko ya tafi ba igiya, ko ya kasa tafiya sam domin kakar da ke riƙe masa yara kyauta da ɗan'uwan da ke ara masa mota su ne duk jarinsa, kuma wannan jarin ba ya shiga akwati. Masu cewa ka hau keke ba sa lissafa cewa dangi kansu dukiya ce, ita ce ma kaɗai dukiyar da talaka ya gada, kuma ana ce masa ya bar ta ne don ya samu albashi.

Sai rigimar cikin gida, wadda kowa ya sani ba a faɗa. Ɗaya ya tafi yana turo kuɗi, ɗaya ta zauna, galibi mace, ta rage aiki ko ta bari gaba ɗaya tana ɗaga tsoho tana kwantarwa shekara da shekaru. Ranar rabo shi yana ganin kuɗinsa ne ya gyara rufin gidan, ita tana ganin ƙuruciyarta ce ta tafi a ciki, kuma duka gaskiya suke faɗa. Jamus ta ɗan kula da wannan, dokarta ta ba ɗan da ya yi jinyar iyaye damar neman ƙari daga gadon kafin a raba.

To me za a yi? Ni dai na fi karkata ga a daina kallon mamaci a kalli mai karɓa. Ailan haka take yi, kowane mutum yana da iyakar abin da zai iya karɓa kyauta ko gado a tsawon rayuwarsa ba haraji, abin da ya haura a cire kashi 33, don haka rabawa da wuri ba ta kuɓutar da kowa, kuma wanda ya watsa dukiyarsa ga mutane da yawa ya fi samun sauƙi. A toshe ramin ribar da ke ɓacewa ranar mutuwa, a ba manomi da mai ƙaramin kamfani shekaru su biya a hankali maimakon a yafe musu gaba ɗaya, tun da yafewar ce ke sa attajirai sayen gonakin da ba za su taɓa nomawa ba. Sai tambayar ina kuɗin zai je. Tony Atkinson, masanin tattalin arziki na Birtaniya, a 2015 ya kawo shawarar kowane matashi ya samu ɗan gado daga ƙasa ranar da ya balaga, Piketty ya ce yuro 120,000 a shekara 25, wanda ni ina ganin da wuya wata majalisa ta amince. Jihar Connecticut ta Amurka ta fara ƙaramin sigarsa a 2023, dala 3,200 ake ajiye wa jaririn da aka haifa a gidan talaka ya yi ta girma har ya kai 18. Amfanin irin wannan ba yawansa ba ne, lokacinsa ne, yana zuwa daidai sanda mutum ke yanke shawarar tafiya ko zama.

Amma ko an yi duk wannan, muddin ayyuka na taruwa a birane ƙalilan kuma ba a gina gidaje a cikinsu, kuɗin da aka ba matashin zai ƙare ne a aljihun mai gidan haya, wanda wataƙila shi ma gadon gidan ya yi. Japan ta isa misali, ƙasar da ta fi kowa tsananin harajin gado. Matasa sun yi ta kwarara Tokyo har gwamnati ta ƙirƙiro wani tsari a 2008 da zai ba mazaunin birni damar karkatar da wani ɓangare na harajinsa zuwa wani gari da ya zaɓa, da nufin garuruwan da suka raini yara suka rasa su su ɗan samu wani abu. Duk da haka ƙidayar 2023 ta samu gidaje wajen miliyan 9 babu kowa a ciki. Da yawansu gado ne, iyaye sun rasu a ƙauye, 'ya'yan na birni suna biyan haya, gidan ba mai saye ba mai haya, rushe shi kuɗi ne, barinsa haraji ne. Magada suka riƙa ƙin zuwa su sa sunansu a takarda, filayen da ba a san mai su ba suka yi yawa, har daga Afrilun 2024 aka mayar da rajistar gado dole cikin shekara uku, wanda ya ƙi a ci shi tarar da za ta iya kai yen 100,000.